Laraba: sakin hannu ma aiki ne

Laraba da dare.

Darasin tsoka aka yi yau, kuma tambaya ɗaya ta cinye rabin safiyar: me ya sa gawa take sandarewa, alhali ƙarfinta ya riga ya ƙare? Bari in rubuta amsar tun da zafinta.

Umarnin motsi yana saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, daga nan jijiyar motsi ta kai shi tsoka, da gudun da kan kai mita 100 a daƙiƙa guda a manyan jijiyoyi. Sai dai jijiyar ba ta taɓa tsokar. Akwai ɗan giɓi tsakaninsu, kamar nanomita 50 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne bisa miliyan na milimita), wanda wutar lantarkin saƙon ba ta iya tsallakewa. Da ta iso bakin jijiya, sai ƙofofin kalsiyam su buɗe, ya shiga, ya sa wasu ƙananan jakunkuna su zazzage sinadarin asitilkolin cikin giɓin. Sai ƙwaya biyu na sinadarin sun kama makarɓi ɗaya, wato gurbin karɓar saƙo a jikin tsoka, kafin ƙofarsa ta buɗe sosai, sodiyam ya kwarara cikin zaren tsoka, sabuwar wuta ta tashi a wancan gefen. Kafin ƙiftawar ido, cikin kusan kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, wani sinadari mai share fage, asitilkolinestares, ya farfasa abin da aka zubo. Wannan sharar ce ɗalibai suka fi mantawa da ita.

Wutar tana bin wasu siraran bututu ta nutsa cikin zaren, ta buɗe rumbun kalsiyam na tsokar kanta. A cikin zaren akwai ƙananan zarurruka iri biyu, aktin siriri da mayosin mai kauri. Kalsiyam ya kama troponin, wani furotin da ke zaune kan aktin, troponin ya ja tropomayosin, furotin da ke rufe aktin, gefe kamar labule, gurabun da ke jikin aktin su bayyana. Nan take kawunan mayosin su cafke su, su ja, su saki, su sake cafka a gaba, tamkar mai jan igiya hannu bayan hannu. Zarurrukan aktin da mayosin ba sa gajarta, zamewa suke yi a kan juna. A 1954 aka nuna haka, daga rukunin Andrew Huxley da na Hugh Huxley, kowa da nasa binciken, kuma sunan ne kawai ya haɗa su, ba dangi ba ne.

To, ga inda gizo ke saƙar. Kan mayosin ba ya sakin aktin sai sabuwar ƙwayar ATP, makamashin ƙwayoyin jiki, ta zauna masa. Famfon da ke mayar da kalsiyam rumbunsa shi ma ATP yake ci. Idan rai ya fita, ATP ya ƙare, kalsiyam ya tsiyayo, kawunan su kama, babu mai sa su saki. Sandarewar takan fara cikin awa 2 zuwa 6, daga fatar ido da muƙamuƙi, ta game jiki wajen awa 12, ba kuma za ta sake ba sai zarurrukan sun fara lalacewa da kansu. A ganina da wannan ya kamata a riƙa buɗe darasin, ba da zanen allo ba.

Da rana aka koma kan abin da ke ɓaci a giɓin nan. Maganin ƙwari nau'in organofosfet yana toshe mai sharar, asitilkolin ya taru: yawu da hawaye su yi ta zuba, ƙwayar ido ta tsuke, tsoka ta yi ta karkarwa sannan ta shanye, har da ta numfashi. Cutar mayasteniya kuwa akasin haka ce. Garkuwar jiki ce ke lalata makarɓan, saƙo ya iso amma masu amsawa sun yi kaɗan. Shi ya sa mai ita kan tashi garau da safe, zuwa yamma fatar ido ta sauko, tauna ta gagara. A sa shi ya kalli sama minti ɗaya ba tare da ya sauke ido ba, za a ga fatar tana zamewa sannu a hankali. A ɗora ƙanƙara a kanta minti 2, sai ta ɗaga, don sanyi yana rage saurin mai sharar. Maganin da aka saba bayarwa, piridostigmin, wannan mai sharar yake danne wa, amma na ɗan lokaci, awa 3 zuwa 4 ƙarfinsa ya sauka. In an zarce ƙima, alamomin guban maganin ƙwari ne za su fara leƙowa, murɗar ciki da yawu a gaba.