Guga a Busasshiyar Rijiya

A shekarata ta huɗu ina aikin katikis, wato malamin cocin Katolika mai taimaka wa Fada, a ƙauyenmu na gane cewa na daina addu'a. Da na faɗi haka a lokacin ba wanda zai yarda, domin ni ke buɗe coci, ni ke buga ƙararrawa. Fada sau ɗaya a wata yake zuwa mana, da damina kuwa in rafi ya kawo sai mu yi wata biyu ba mu ji ƙarar babur ɗinsa ba. Sauran ranakun Lahadi ni ke jan sujada, in karanta Bishara, in yi bayani. Ranar Asabar ina tare da yara masu shirin baftisma. In an yi rasuwa a kira ni, in an yi haihuwa a kira ni, in Zumuntar Mata za su zauna sai an aiko yaro ya ce Malam ya zo ya buɗe musu da addu'a. Sunan Allah bai bar bakina ba ko yini ɗaya.

Wani dare zazzaɓi ya rufe ƙaramar 'yarmu, jikinta kamar garwashi. Uwarta ta ce, “Malam, yi mana addu'a.” Na ɗora hannu a kan yarinyar na fara, sai na ji muryata ta koma irin ta gaban jama'a, ina jera kalmomi yadda za su yi daɗin ji. Da suka yi barci na durƙusa ni kaɗai, na rasa abin da zan ce wa Allah. Ashe na daɗe ina magana a kansa, ina magana a madadin mutane, amma na manta rabon da in zauna da shi ba mai kallona. Yarinyar ta warke bayan kwana uku, mun gode Allah. Abin da na gani a kaina a daren nan shi ne ya ƙi barina.

Bayan girbi aka tara mu katikis na yankinmu domin ƙarin horo na mako biyu. Wani dattijon Fada ne ya ɗauke mu kashi na huɗu na Katikisim, littafin koyarwar Ikilisiyar Katolika, wanda Fafaroma John Paul na Biyu ya fitar a 1992, kashin da ke magana a kan addu'a. Na sha koyar da “Ubanmu wanda ke cikin sama” daga wannan kashi, amma ban taɓa tsayawa a wurin da aka kira addu'a yaƙi ba. Yaƙi ne da kanmu, da kuma mai jaraba wanda ba abin da yake so kamar ya raba mutum da ita. An ambaci abokan gāban da sunayensu: watsewar hankali, bushewar zuciya, ƙarancin bangaskiya, da wata irin kasala ta ruhu da ke shigowa idan mutum ya saki jiki. Ina zaune ina ji kamar wani ya kai rahotona.

Da yamma na same shi na zayyana masa komai. Bai yi mamaki ba. Ya ce, “Malam, mai tuƙa tuwon biki ma yunwa na iya kayar da ita in ba ta zauna ta ci ba. Ƙamshi ba ya ƙosarwa.” Ya ba ni aiki ƙarami har na so in raina shi: minti goma sha biyar kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, da Zabura ɗaya ko ɗan guntun Bisharar ranar. Ya kafa mini sharaɗi, kada in taɓa amfani da wannan lokaci wajen shirya wa'azi.

Sharaɗin nan ya fi komai yi mini wuya. Da na karanta aya sai tunanina ya ruga ga yadda zan bayyana wa jama'a ita ranar Lahadi, da wanda ya kamata ya ji ta. Sai da na yi watanni kafin in iya barin aya ta tsaya a kaina ni.

Lokaci kuwa maƙwabtanmu Musulmi ne suka taimake ni ba su sani ba. Tun ina yaro nake jin kiran assalatu daga masallacin unguwar da ke tsallaken hanya, ina ganin mutane suna fita cikin sanyin hunturu, ba sa jira sai ransu ya so. Mu ma muna da namu, addu'ar Mala'ikan Ubangiji da ƙarfe 6 na safe, 12 na rana da 6 na yamma, ni ne ma mai buga mata ƙararrawa. Na yanke cewa da na ji ladan zan tashi, in yi zamana kafin gida ya farka. Wayata kuma na daina kwana da ita a gefen tabarma, don na lura hannuna ita yake fara nema kafin ma in yi alamar gicciye.

Watsewar hankali ta zo kamar yadda aka faɗa. Kuɗin taki, kuɗin makarantar yara, akuyar da ta shiga gonar wani. Da farko nakan tsaya kokawa da kowane tunani, sai lokacin ya ƙare a wajen kora. Katikisim ya ce bin su da farauta faɗawa tarkonsu ne, abin yi kawai mutum ya juyo da zuciyarsa, kuma abin da ke yawan janye hankali yana nuna inda zuciya ta maƙale. Na gwada na ga gaskiyar haka. Akwai fuskar da ke zuwar mini kusan kowace safiya, ta wani ɗan kwamitin coci da ya yi mini magana mai zafi a gaban mutane a kan kuɗin baikon coci. A baki na ce na yafe. Addu'a ce ta nuna mini ban yafe ba. Sai da na taka har gidansa muka zauna a zaure, sannan fuskar ta daina zuwa.

Bayan kamar wata biyar komai ya bushe. Ba daɗi, ba hawaye, ba ko tsoro. In zauna, in karanta Zabura, kalmomin su wuce kamar iska a kan dutse. A nan ne labarin Waliyyiya Teresa ta Avila ya riƙe ni, wanda dattijon Fadan ya ba mu a aji ban ɗauke shi da muhimmanci ba. An haife ta a Sifen a 1515, ta rasu a 1582, kuma a 1970 Fafaroma Paul na Shida ya sa ta cikin manyan malaman Ikilisiya. Wannan matar ta yi kusan shekara ashirin tana fama da addu'a. Ta faɗa da kanta cewa sau da yawa hankalinta yana kan agogo, tana jira lokacin ya cika. Har ta taɓa barin addu'ar zuci fiye da shekara guda, wai tana ganin ba ta cancanci tsayawa gaban Allah ba, daga baya ta gane wannan tawali'un ƙarya ne.

Ta kwatanta rai da lambu, addu'a kuma da ban ruwa iri huɗu. Na farko jan ruwa daga rijiya da guga. Na biyu da na'ura mai juyawa, wadda a wurinmu jigo ne ya fi kusa da ita, wahala kaɗan ruwa da yawa. Na uku ruwan rafi da ake koro wa lambu. Na huɗu ruwan sama, wanda mai lambu ba ya yin komai sai kallo. Ni da na tashi a lambun albasa na mahaifina ban buƙaci fassara ba. Na san zafin igiya a tafin hannu. Na san watan Afrilu, lokacin da za ka zura guga ka ji ta bugi ƙasa, ta fito da laka kawai. Baba bai taɓa cewa tunda rijiya ta ja baya mu zauna a gida ba. Mukan koma da asuba mu sake zurawa, don cikin dare ruwa yakan ɗan tsattsafo. Teresa ta ce mafari a addu'a mai guga ne, kuma ko rijiyar ta ƙafe kada ya bar aikin, domin lambun ba nasa ba ne. Mai lambun, wato Allah, yana ganin wahalarsa, yana kuma da ikon raya shukar ko ba ruwa. Wannan ya sauya mini ma'auni gaba ɗaya. Dā ina auna addu'ata da abin da na ji a cikinta, ranar da ban ji komai ba in ce ban yi ba. A ganina wannan kuskuren ne ke korar yawancinmu, har da masu bin taron addu'a daga wannan wuri zuwa wancan suna neman inda jiki zai yi yarr.

Daga Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya rasu a 1556, na ɗauki abu biyu. Ya ce lokacin duhu ba lokacin sauya shawara ba ne, kuma in mutum ya ji kamar ya gajarta addu'a, gara ya ɗan ƙara a kan abin da ya saba. Don haka ranar da na fi ƙosawa nakan ƙara minti biyu. Na biyun shi ne binciken zuciya kafin barci: godiya tukuna, roƙon haske, bin yinin daki-daki, neman gafara, sannan ƙudurin gyara gobe.

Rosari kuwa, addu'ar da muke yi da carbi, wata tsohuwa a cocinmu ce ta mayar mini da shi. Ba ta karatu, idonta ma ya yi rauni, amma ta san asiran kowace rana, wato al'amuran rayuwar Yesu da Maryamu da ake tunani a kansu, har da na Haske da aka ƙara a 2002 waɗanda ake yi ranar Alhamis. A watan Oktoba na kai mata ziyara, na same ta a gindin darbejiya tana gyangyaɗi, carbin a hannunta. Ta farka ta ci gaba daga ƙwayar da yatsanta ya tsaya. Na ce, “Inna, ba kya sakewa daga farko in barci ya ɗauke ki?” Ta ce, “Ɗana, jikata in ta yi barci a cinyata ina yi mata tatsuniya, korar ta nake yi?” Na zauna a gefen tabarmarta muka ƙarasa tare.

Yanzu idan sababbin katikis suka zo mini koyon aiki, kafin in nuna musu yadda ake jan sujadar Lahadi nakan tambaye su ƙarfe nawa suke zama su kaɗai da Ubangiji. Yawanci sukan sunkuyar da kai, kamar yadda na yi a gaban dattijon Fada. Nakan buɗe musu Luka 11:1, inda ɗaya daga cikin almajiran da ke tare da Yesu dare da rana ya roƙe shi ya koya musu yin addu'a, in ce su zaɓi lokaci su zo su faɗa mini. Nawa har yau yana nan bayan kiran assalatu. Makon nan rijiyar a bushe take, yau da safe Zabura ta 63 na karanta, mai maganar ƙasa busasshiya inda ba ruwa, na zauna har lokacin ya cika, na ƙara minti biyu, sannan na ɗauki makullin coci na fita.