Ranar da Kibiya ta Ƙi Jin Magana: Daga Teburin Gyarana a Bauchi

Wata Talata da hantsi wani matashi mai haɗa bidiyon biki ya shigo shagona da kwali a hammata, fuska a murtuke. Daga Fadaman Mada ya taso. Ko zama bai yi ba ya dire Mac mini ɗinsa, wata 'yar kwamfutar tebur ta kamfanin Apple, da farin farantin nan da ake kira Magic Trackpad a kan tebur, ya ce, "Oga, afdet ya kashe min kaya, ga amarya na jiran aikinta ranar Juma'a." Tun daren da na'urar ta sabunta manhajarta, in ji shi, kibiyar allo ta daina jin magana. Ya ja ta dama ta yi tsalle hagu, wani lokaci ta sandare na ɗan lokaci sannan ta ɓullo a wani lungu, wani lokaci ta ɗauki fayil ta jefa inda ba a aike ta ba. Mai yankan bidiyo kuwa da kan yatsansa yake cin abinci.

Ga wanda bai saba da shi ba, tirakfad faranti ne mai santsi da ake shafawa da yatsa a madadin maus. Kowace laftof tana da nata a ƙasan madannai, amma akwai na daban wanda ba shi da waya, da Bluetooth yake magana da kwamfuta. Na Apple na farko ya fito a 2010 da ƙananan batira guda biyu irin na tocila. Na 2015 ya zo da batir a ciki, ana cajinsa da wayar Lightning, sannan a 2024 aka mayar da bakinsa USB-C. Tun daga na 2015 gilashin ba ya lotsawa da gaske. Wani ɗan inji ne a ciki yake bugawa, yatsanka ya ji kamar ka danna maɓalli. Shi ya sa in caji ya ƙare ko an kashe shi sai ya zama kamar tayil. An sha kawo min shi ana cewa ya ƙage, alhali yunwar caji ce kawai.

Ban taɓa sukudireba ba. Na sa yarona ya ba shi kujera da ruwa, na tambaye shi me kuma ya canza a ɗakin aikinsa a makon nan ban da afdet. Ya rantse babu komai. Na ce to.

Gwajin farko da nake yi kullum shi ne in haɗa farantin da kwamfutar da waya, domin samfurin 2015 zuwa sama yana aiki ta waya in an jona shi. Wannan gwajin kaɗai yana raba matsalar gida biyu. In kibiya ta natsu a kan waya, gilashi lafiyarsa lau, ciwon yana cikin iska tsakanin na'urorin biyu. In ta ci gaba da hauka, sai a koma kan farantin da kansa ko wata manhaja da ke tsoma baki. Tasa ta natsu tsaf. Sai na cire wayar, na shiga saitin Bluetooth na sa kwamfutar ta manta da farantin gaba ɗaya, na kashe ta na kunna, na sake haɗa su kamar yau suka fara haɗuwa. Bayan babban afdet wannan haɗin yakan rikice, kuma sau da yawa a nan magana take ƙarewa. Daga nan na tayar da ita a Safe Mode, inda kwamfuta ke tashi ba tare da manhajojin da mai ita ya ɗora daga waje ba. Masu aikin zane da bidiyo suna yawan sa manhajojin ƙara wa yatsu dabara, ko direban allon zane, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'urar da aka jona mata, kuma tsohon direba a kan sabon tsari kamar tsohon makulli ne a sabon kwaɗo. Nasa babu abin da ya nuna. Muka yi kusan awa guda muna jan kibiya, ba ta yi gardama ko sau ɗaya ba. Ya ɗauki kayansa ya tafi.

Bayan La'asar sai ga kiransa: "Oga, wallahi ta dawo."

Wannan kiran bai ɓata min rai ba, domin ya gaya min abin da nake nema. Na'urar da ke lafiya a shagona ta kuma yi ciwo a ɗakinsa, ai ɗakin ne ba shi da lafiya. Na hau mashin na same shi. Ina shiga na ga wani ƙaton had dis na waje manne da bayan Mac mini ɗin, an jona shi ta wata 'yar mahaɗar USB mai baki huɗu, mara suna, da siririyar waya kamar igiyar guga ta yara. Na ce, "Ƙanina, wannan fa yaushe ya zo?" Ya sosa ƙeya. Ashe afdet ɗin ne ya ce babu isasshen wuri, shi ne ya je kasuwa ya sayo dis ya kwashe bidiyoyinsa a ciki, a ranar da ya yi sabuntawar. A ransa wannan ba canji ba ne.

Ga abin da ke faruwa. Bluetooth yana tafiya ne a kan zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi na yawancin gidaje ma yake. Na'urorin USB 3 kuma, in suna aiki, suna fitar da hayaniyar lantarki daidai wannan zangon, abin da kamfanin Intel ya yi bayaninsa a rubuce tun 2012. Waya mai kyau tana da rufin ƙarfe a ciki da ke tsare hayaniyar. Wayar bogi ba ta da shi, ko tana da na je-ka-na-yi-ka. Sai farantin ya zama kamar mai yi wa abokinsa raɗa kusa da injin niƙa: rabin maganar ya isa, rabi ya ɓace, kibiya ta yi ta tsalle tana cike gurbi. Na zare dis ɗin, kibiya ta miƙe. Na mayar, ta rikice. Sau uku na yi a gabansa don ya gani da idonsa. Na kawo masa doguwar waya mai rufi daga shago, muka matsar da dis ɗin can ƙarshen tebur, muka jefar da mahaɗar, muka mayar da kwamfutar kan Wi-Fi na 5 GHz tunda na'urar intanet ɗinsa tana da shi.

Wannan cirewa da mayarwa ba a makarantar kwamfuta na koye shi ba. Ina ɗan shekara goma sha huɗu mahaifina ya kai ni wurin wani dattijo mai gyaran rediyo da talabijin a kusa da kasuwar Wunti, Allah ya jiƙansa. Wata shida na yi ina share shago da goge ƙura kafin ya bar ni na riƙe ƙarfen darma. Wata rana aka kawo rediyo mai ƙara, na yi rawar kai na canza abu uku a lokaci guda, ta yi magana, na kai masa ina jiran yabo. Ya ce in nuna masa wanne ne cikin ukun ya lalace. Na yi shiru. Ya sa na mayar da tsofaffin duka, na sake bi ɗaya bayan ɗaya har Magariba. Biyu daga ciki lafiyarsu ƙalau. Har yau in na ga yarona zai taɓa saiti biyu a tare, muryar dattijon nan nake ji a bakina.

Shi ya sa raina ke ɓaci da yaran da suka cika gari da filash a aljihu suna kiran kansu injiniyoyi. Komai aka kai musu, fomat, wato a share duk abin da ke cikin na'ura a sake ɗora tsari. Kibiya na rawa, fomat. Da wannan matashin ya faɗa hannunsu, da an share masa aikin biki guda, a mayar masa da na'ura fes, ya koma ɗakinsa ya jona dis ɗin nan ciwo ya dawo. Wasu kuma suna bin tsofaffin bidiyoyin YouTube ido rufe. Za ka ga yaro yana danne Shift da Option yana neman wurin sake saita Bluetooth a saman allo, bai san tun macOS Monterey na 2021 aka cire shi daga nan ba. Ko ya yi ta fama da maɓallan sake saita SMC, wato sashen da ke kula da wuta da batir, a kan Mac mai ƙwaƙwalwar M1 da Apple ya ƙera, alhali wannan dabarar ta masu ƙwaƙwalwar Intel ce.

Masu Windows sun fi yawa a garin nan, musamman ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da na kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwallameji, kuma tun da aka daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025 suke ta hawa 11. Nasu yawanci direban Bluetooth ne afdet ya sauya. A Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ana iya mayar da tsohon, a kuma hana kwamfuta kashe Bluetooth da sunan tattalin batir. Akwai damar komawa tsohon tsarin gaba ɗaya, amma kwana goma ne kawai, don haka kada a zauna wata guda ana haƙuri kafin a kawo.

Abin da ya fi cin tirakfad a Bauchi kuwa caja ce. Wajen jan kibiya, farantin ba nauyin yatsa yake ji ba, ɗan canjin lantarki yake aunawa tsakanin fata da gilashi. Cajar bogi, ko wutar ƙaramin janareta marar tsafta, ko soket da babu wayar ƙasa, duk suna iya rikita wannan awon. In kibiyar laftof ɗinka na hauka, zare caja ka gani. In ta natsu, ka san inda za ka nufa. Gumi a watan Afrilu ma yana yin nasa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne batirin da zafi ya kumbura yana tura tirakfad daga ƙasa. Wannan ba a jira da shi, a kashe na'ura a kawo.

Samun kaya na gaskiya shi ne yaƙin da ban gama ba. Ka yi oda daga Legas ko Kano, a turo maka hoton abu mai kyau, mota ta iso tasha ka buɗe kwali ka tarar da wani abu daban. Yanzu duk sabon kwalin wayoyin da ya zo sai na yanka guda ɗaya na ga rufin cikinta kafin in rataye sauran. Akwai dilan da na rabu da shi a kan haka bayan shekaru muna hulɗa.

Da na faɗa wa matashin kuɗin aikina sai ya ce, "Haba Oga, ai waya ɗaya kawai ka canza." Na sha jin wannan. Na tuna masa awar da muka yi a shago, da zuwana har ɗakinsa, da cewa ko fayil ɗaya bai rasa ba. Ya yi dariya ya biya. Ranar Asabar ya turo min guntun bidiyon kamun amarya ta WhatsApp, mako na zagayowa kuma ya kawo abokinsa mai laftof da tirakfad ya ɗago. Na tambayi abokin ina cajar, ya ce tana gida a Yelwa. Na ce ya koma ya ɗauko ta, da duk wani abu da yake jonawa a jikin na'urar, kafin in kwance ko kusa ɗaya.