'Yancin Ƙananan Hukumomi: Wa Zai Tambayi Ciyaman?

A ranar 11 ga watan Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Ministan Shari'a Lateef Fagbemi ya shigar da jihohi 36, inda Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta babban hukuncin. Kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Na yi farin ciki a wannan rana, domin mu da muka taso a Kaduna mun san ƙaramar hukuma ce gwamnatin da talaka ke iya taka ƙafa ya je ofishinta.

Tushen rigimar yana cikin kundin tsarin mulki na 1999 da kansa. Sashe na 7 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓu ne za su jagoranci ƙananan hukumomi, amma ya bar wa majalisar dokokin jiha ikon tsara yadda za a kafa su da yadda za su gudana. Sashe na 162 kuwa ya samar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, wanda ya zama igiyar da gwamnoni da dama suka ɗaure matakin da gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗaga zuwa mataki na uku na gwamnati. Abin da aka bayar da hannun dama, sai aka karɓe da hagu.

Sai dai damuwata ta wuce batun asusu. Hikimar raba iko tsakanin masu zartarwa da masu yin doka da masu shari'a ita ce kada mai riƙe da kuɗi ya zama shi ne mai binciken kansa, kuma wannan hikima ba a Abuja ko a Gidan Sir Kashim Ibrahim, fadar gwamnatin jihar Kaduna, kaɗai ake buƙatarta ba. A kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 23 na jiharmu akwai ciyaman a ɓangaren zartarwa, akwai kuma kansiloli, su 255 a faɗin jiha, waɗanda aikinsu ne su amince da kasafin kuɗi, su yi dokokin kasuwa da tasha da tsafta, su kuma tambayi ciyaman inda kuɗi suka shiga. A unguwarmu mutane sun san kansila a wajen suna da jana'iza da neman taimakon kuɗin magani, amma ban taɓa jin wani ya tambaye shi ranar da majalisarsu ke zama ba. Ni ma ban taɓa tambaya ba, kuma ina ganin hakan a matsayin sakaci.

Akwai kuma batun zaɓe. Gwamna ne ke naɗa mambobin hukumar zaɓen jiha da amincewar majalisa, kuma a jihohi da yawa, ko wace jam'iyya ke mulki, sakamako kan fito ɗaya. Kaduna ta fara gwada zaɓe da na'ura a 2018, inda 'yan adawa suka ci wasu kujeru, amma a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyya mai mulki ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansiloli baki ɗaya. Majalisar da babu ɗan adawa ko ɗaya a cikinta da wuya ta ɗaga murya a kan kasafin ciyamanta.

Saboda haka nake goyon bayan a gyara sashe na 162 domin ya dace da hukuncin kotu, a kuma tilasta wa kowace ƙaramar hukuma ta liƙa abin da ta samu da abin da ta kashe duk wata a ƙofar sakatariya, da Hausa da Turanci. A nawa ɓangaren, na yanke shawarar zuwa wurin kansilanmu in nemi kwafin kasafin bana, in ga nawa aka ware wa firamare da asibitin sha-ka-tafi da kwalbatin da ke cika mana gidaje da ruwa kowace damina.