Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Daren Juma'a a Grand Forks

Assalamu alaikum, masu karatu. A makon da ya gabata na tsaya ne a inda na bar masaukin ɗalibai na Jami'ar Dakota ta Arewa, na kama hayar ɗaki a ƙasan gidan wani dattijo da matarsa a garin Grand Forks, cikin kakar 2013. Yau zan ba da labarin abin da ya shigar da ni cikin mutanen garin har na daina jin kaina baƙo, wato wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, wanda kowa a can yake kira hoki.

Grand Forks ƙaramin gari ne a ma'aunin Amurka, mutanensa dubu hamsin ne da ɗoriya, yana bakin kogin Red wanda ya raba Dakota ta Arewa da jihar Minnesota, yake kuma gangarawa arewa zuwa Kanada. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutse babu tudu da zai tare iska, saboda haka idan hunturu ya kama, sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili, kuma a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar na yamma. A irin wannan lokaci unguwa takan yi tsit, kowa ya shige gida, in ban da daren Juma'a da daren Asabar ɗin da ƙungiyar jami'a take wasa a gida. A waɗannan darare za ka ga motoci sun yi jerin gwano zuwa wuri guda, tsoho da yaro kowa sanye da koriyar riga.

Mai gidan namu, wanda nake kira Baba kamar yadda tarbiyyarmu ta koya mana, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma yana da tikitin kujeru biyu na dukan kakar wasa da yake sabuntawa duk shekara. A hunturun nan ciwon gwiwa ya hana Mama hawa matakala, sai wata Juma'a bayan na dawo daga masallaci ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce: "Ɗana, kujerar nan ba ta saba zama babu kowa ba. Ka sa kaya masu kauri da yamma, tare za mu tafi." Da yake a wannan lokaci Magariba da Isha'i duk suna shiga tun kafin a fara wasa da misalin ƙarfe bakwai, sai na yi sallolina a natse, muka kama hanya.

Zauren wasan, mai suna Ralph Engelstad Arena, an buɗe shi ne a 2001, ya ci fiye da dala miliyan 100, yana kuma ɗaukar mutum sama da 11,600. Daɓensa na dutsen da aka goge ne, kujerunsa na fata, kuma mutum ɗaya ne ya biya kuɗin ginin, wato Ralph Engelstad ɗin da aka sa wa zauren sunansa, tsohon mai tsaron ragar ƙungiyar da ya tara dukiyarsa a harkar otal da gidan caca a Las Vegas. Asalin kuɗin ya tsaya mini a rai, kuma har yau bai sauka ba, haka nan ana sayar da giya a wurin, abin da ya sa nakan tsaya ga kofin shayi ko gahawa. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a daren shi ne yawan jama'a, domin idan ka kwatanta kujerun zauren da mutanen garin, kusan mutum ɗaya cikin biyar ke nan yana ƙarƙashin rufi guda.

A farkon wasa idona ya kasa bin komai. Abin da ake bugawa ɗan baƙin faifan roba ne, nauyinsa bai wuce giram 170 ba, ana daskarar da shi kafin wasa don kada ya riƙa tsalle, kuma gudunsa ya fi ƙarfin idon baƙo. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili har da mai tsaron raga, ana yin zango uku na minti ashirin-ashirin, kuma saboda tsananin gajiya ɗan wasa ba ya cika minti guda a kan ƙanƙara sai ya koma benci wani ya tsallako katangar ya maye gurbinsa, wasa kuwa bai tsaya ba. Kujerunmu suna kusa da kusurwa, don haka ina jin ƙarar ƙarfen takalmansu yana yankar ƙanƙara, ina ganin garin ƙanƙarar yana tashi idan ɗaya ya ja birki, kuma idan ƙato ya haɗa ƙato da katanga, gilashin da ke gabanmu har lanƙwasa yake yi. Baba ya dafa kafaɗata ya ce in daina neman faifan, in dubi inda 'yan wasan suka mai da fuskokinsu da kafaɗunsu, can faifan yake ko can zai je. Da wannan shawara wasan ya buɗe mini. Na fara gane dalilin da ya sa jama'a suke miƙewa tsaye idan alƙalin wasa ya tura wani ɗan hamayya zaman hukunci na minti biyu, domin a lokacin namu biyar ne a kan huɗu, kuma a nan ake yawan zura ƙwallo.

Sannu a hankali na fahimci cewa abin da ake gani a zauren nan reshe ne kawai, saiwar tana cikin unguwanni. Baba da kansa yakan kafa katakai a bayan gida idan sanyi ya zauna, ya fita da dare da mesar ruwa yana fesawa kaɗan-kaɗan, ya bari ya daskare, ya sake fesawa, har filin ya yi santsi saboda jikokinsa. Na sha riƙe masa fitila. Jikansa ɗan shekara shida yakan zo da asubar Asabar, Baba ya durƙusa ya ɗora ƙafar yaron a kan cinyarsa, ya ja igiyar takalmin rami bayan rami har yatsunsa su yi ja, domin idan takalmin bai kama idon sawu ba yaro ba zai iya tsayuwa ba. Daga bayan gida yaro yake wucewa filayen unguwa da hukumar gari take kula da su, daga nan zuwa sakandare, inda makarantun Central da Red River suke da tsohuwar hamayya, sannan mai rabo ya kai jami'a. Harka ce mai cin kuɗi da lokacin iyaye, kuma na ga gidajen da suka haƙura da ita saboda tsadar kaya da tafiye-tafiye, abin da mutanen garin ba su cika son tattaunawa ba.

A nan ne na ga bambancinsu da mu. A gidajen kallo na Kano mukan raba kanmu tsakanin Arsenal da Chelsea da Barcelona, mu yi musu har murya ta dushe a kan 'yan wasan da ba mu taɓa haɗuwa da su ba. Su kuwa a Grand Forks, ƙungiyar jami'a ce ta farko a zuciya, gasar ƙwararru ta NHL tana biye. Akwai masu goyon bayan Minnesota Wild, wadda ta fara wasa a 2000 bayan tsohuwar ƙungiyar jihar, North Stars, ta ƙaura zuwa Dallas a 1993. Akwai masu tuƙi na awa biyu da rabi zuwa Kanada don kallon Winnipeg Jets, wadda ta dawo a 2011. Amma Baba ba ƙungiya yake bi ba, yaransu yake bi. Idan Shikago tana wasa yana tare da ita saboda kyaftin ɗinta na lokacin Jonathan Toews ya yi shekara biyu a jami'ar, idan Wild ce to saboda ɗan wasanta na lokacin Zach Parise ne, wanda shi ma ya yi wasa a jami'ar, idan kuwa suka haɗu da juna sai ya ce duk wanda ya ci, na gida ne ya ci.

Na ga ƙarshen wannan ɗabi'a a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Sochi a Fabrairun 2014. Ranar Asabar da sassafe Amurka ta kara da Rasha, aka tashi biyu da biyu, aka shiga bugun raba gardama, sai mai horarwa ya yi ta tura mutum ɗaya, T.J. Oshie, wanda ya buga sau shida ya ci huɗu, har Amurka ta yi nasara. Oshie ya yi sakandare a Warroad, wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Minnesota, ya kuma yi shekara uku a ƙungiyar jami'armu, saboda haka maƙwabta suka cika falon Baba ana rungumar juna. Bayan mako guda Kanada ta fitar da Amurka da ci ɗaya, ta je wasan ƙarshe ta doke Suwidin uku da nema, Toews ne kuma ya fara ci. Baba, Ba'amurke ɗan Ba'amurke, ya tashi tsaye ya tafa masa.

Baƙin cikin da na fara tarayya da su a cikinsa ya zo ne a Afrilun shekarar. Ƙungiyoyi 16 suke shiga gasar jami'o'i ta ƙasa, huɗun ƙarshe su haɗu a gari ɗaya, kuma a Philadelphia muka haɗu da Jami'ar Minnesota, babbar abokiyar hamayya tun zamanin kakanni. Ana ɗaya da ɗaya, mu ke da rinjayen mutum guda a fili, kowa ya sa rai za a shiga ƙarin lokaci, sai wani mai tsaron bayansu, Justin Holl, wanda bai ci ko ɗaya ba a duk kakar, ya zura faifan saura ƙasa da daƙiƙa ɗaya a tashi. Babu wanda ya ce uffan a falon. Mama ce ta kashe talabijin, daga baya ta zauna ta ba ni labarin 1997, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofi a ƙarshen Maris, bayan mako uku kogin Red ya cinye garin, aka kwashe kusan dukan mutanensa, gobara kuma ta tashi a tsakiyar kasuwa ruwa na kewaye da ita. Ta ce daga cikin abubuwan da Baba ya fara jefawa a mota a ranar da suka gudu akwai rigarsa ta ƙungiya.

Akwai wani lamari da ba zan tsallake ba, domin shi ne ciwon da ke cikin wannan soyayya. Shekaru da dama ƙungiyar tana amsa sunan Fighting Sioux, da tambarin kan jarumin wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar. A 2005 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ɗauki mataki a kan irin waɗannan sunaye, aka yi ta shari'a, aka sasanta a kan cewa sai ƙabilun Sioux biyu na jihar sun amince. Mutanen Spirit Lake sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2009, amma ba a samu amincewar Standing Rock ba, kuma a Yunin 2012 masu zaɓe na jihar suka yarda a ajiye sunan. Lokacin da na zo ƙungiyar ba ta da laƙabi ko kaɗan, sai a Nuwamban 2015 aka zaɓi Fighting Hawks. Duk da haka jama'a ba su saki tsohon ba, har a ƙarshen taken ƙasa dubban mutane sukan musanya kalmar ƙarshe da sunan ƙabilar.

Baba ya yi imani girmamawa ce, kuma na san ba shi da mugun nufi. Sai dai a ofishinmu na ɗaliban digiri na biyu akwai wata 'yar asalin ƙasar, wadda ta gaya mini cewa ba ta zuwa zauren, domin tun tana ƙarama take jin magoya bayan abokan hamayya suna zagin sunan kakanninta a matsayin zagin ƙungiya, kuma babu wanda ya tambaye ta kafin a sa fuskar mutanenta a daɓen da ake takawa. Na auna maganganun biyu, kuma ra'ayina ya karkata ga nata, saboda mai suna ya fi kowa iko da sunansa. Daga nan idan aka zo ƙarshen taken ƙasa nakan tsaya cikin ladabi in kame bakina. Baba ya lura, ya tambaye ni a mota, na faɗa masa gaskiyar abin da ke raina, bai yarda da ni ba, amma bai fasa ƙwanƙwasa mini ƙofa ranar Juma'a ba.

Kakar 2015 zuwa 2016 ta zo da sabon mai horarwa, Brad Berry, bayan Dave Hakstol ya tafi ƙungiyar Philadelphia Flyers ta NHL, da kuma samari uku da suke kai hari tare, Drake Caggiula da Brock Boeser da Nick Schmaltz, waɗanda suke miƙa wa juna faifai ba tare da sun duba ba. A wasan kusa da na ƙarshe na gasar jami'o'i, a Tampa ta jihar Florida, suka doke Jami'ar Denver huɗu da biyu, Schmaltz ne ya raba gardama saura ƙasa da minti ɗaya. Ranar 9 ga Afrilu aka yi wasan ƙarshe da Jami'ar Quinnipiac. An shiga zango na uku muna gaba da biyu da ɗaya, hankalin kowa a tashe saboda abin da ya faru a 2014, sai Caggiula ya zura biyu a jere tun farkon zangon, aka tashi biyar da ɗaya. Shi ne kofi na takwas, kuma na farko tun 2000. Baba ya zauna yana share hawaye da bayan hannu, Mama tana buga wa 'ya'yansu waya ɗaya bayan ɗaya, ni kuma jikan nan ya ja ni waje, inda maƙwabta suka fito bakin titi da korayen tutoci, motoci suna ta oda har tsakar dare. Wani maƙwabci da ya shekara biyu yana gaishe ni da ɗaga hannu daga nesa ya tako har inda nake, ya tambayi sunana da garinmu, ya ce in zo cin abinci gidansa ranar Lahadi.

A wannan gida na maƙwabcin ne na haɗu da mutumin da ya yi mini hanyar aikina na farko a yammacin jihar, inda ake haƙar mai. Labarin wannan tafiya da abin da na tarar a can shi ne kashi na 18, a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.