Gadar da muka gina, da rafin da muka ɓata

Na yi rani biyu da damina ɗaya ina aikin gada a kan wani rafi da ke gangarawa ya faɗa kogin Gongola, a jihar Gombe. Ni ne ƙaramin injiniyan da ke kwana a wurin aiki. Ni nake karɓar siminti, ni nake ƙirga rodi, ni nake sa hannu a takardar tifofin yashi. Gadar tana nan tsaye har yau, kuma ko a tsakiyar Agusta mota tana hayewa da mai naƙuda zuwa asibiti, abin da a da sai da kwale-kwale. Ina alfahari da ita. Amma abin da muka yi wa ruwan nan har yanzu yana damuna.

Kullum da yamma idan an tashi, leburori sukan wanke injin kwaɓa kankare da shebur da kwanon sarki a bakin rafi. Ruwan wankin ya gangara fari-fari, ya shiga guraben da ruwa ke kwanciya da rani. Na sani sarai ruwan siminti yana da kaifi, a ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin ruwa, yakan kai 12, shi ya sa yake cinye fatar hannun birkila. Ban taɓa kawo kifi a raina ba. Wata safiya Sarkin Ruwan ƙauyen ya zo da ƙwarya, ya ajiye a gabana. Ƙananan karfasa ne, sun kumbura, cikinsu a sama.

"Ɗana, duba nan," ya ce. "Waɗannan su ne abincinmu na baɗi."

Na ce, "Baba, laifinmu ne." A ranar na sa aka haƙa rami nesa da gaɓa, aka shimfiɗa leda mai kauri, aka koma wanki a can. Aikin rabin yini ne, amma sai da muka yi wata uku muna zuba wa mutane guba kafin mu yi shi.

Sai batun yashi. Don a rage kuɗin man dizal, a nan gindin gadar tifofi suke ɗiba. Wanda ya san Gombe ya san ƙasarmu ba ta da riƙo, ga kwaruruka nan cikin gari da zaizaya ta haƙa har suna cin gidaje. Da cikin rafin ya yi zurfi, sai gaɓa ta fara zubewa, ga shi mun sare kanya da ɓauren da saiwoyinsu ke riƙe da ita. Masu noman rani kuma suka ga ruwan rijiyoyinsu na fadama ya ja ƙasa, albasa da attarugu suna yaushi tun kafin la'asar.

Babbar ɓarnar kuwa da hannuna aka yi ta. Mun tare rafin da jar ƙasa, muka binne bututun kwalbati, muka yi hanyar wucin gadi da motoci ke bi. Ya kamata a kwashe ta kafin ruwa ya zauna. Dattijon nan ya kama hannuna ya kai ni gindin wata tsohuwar kanya, ya nuna mini shatin da ambaliya ta bari a jikinta, sama da kaina. Ya ce bututun nan ba za su ɗauki ruwan da ke zuwa daga tudu ba. Na ji shi, amma saura zubin kankare biyu, sai na ce a ƙara mako biyu. Ruwan bai jira ba. Cikin dare aka yi shi kamar da bakin ƙwarya, ya taru a bayan tarin ƙasar, ya rasa hanya, ya ɓalle ta gefe ya ratsa gonaki. Da gari ya waye na tsaya ina kallon masarar da ta kai gwiwa kwance cikin jan taɓo, mai gonar yana tsaye kusa da ni bai ce mini uffan ba.

Abin takaici, doka tana nan. Tun 1992 aka kafa dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, an kuma kafa hukumar NESREA, mai tabbatar da bin dokokin kare muhalli, a 2007 don sa ido. Namu rahoton auna illar yana cikin durowa a ofis, da Turanci. Ni kaina ban karanta shi ba sai bayan ambaliyar, balle a ce an zauna da mutanen ƙauye an fassara musu.

Yanzu duk aikin da aka tura ni, kafin a kafa na'urar awo sai na bi rafin da ƙafa tare da masunta da masu lambu, su nuna mini inda ruwa ke juyawa da inda mata ke ɗiba. Ranar kwashe hanyar wucin gadi kuma nakan rubuta ta tun ranar da aka zuba ta.

Kafin mu bar wancan wurin mun jera duwatsu cikin ragar waya a gaɓa, muka dasa jema a bayansu. Bara na bi ta can. Jemar ta kama, ta yi duhu. Amma kwarin da ruwan ya yanka a gonar mutumin nan yana nan, ya raba ta biyu, sai ya zagaya ta kan gadarmu kafin ya isa ɗaya ɓangaren.