Yau na je barka gidan Gwaggo

Talata, ƙarfe 11 na dare. Yara sun yi barci, ni kuma nawa ya ƙi zuwa.

Da hantsi na je barka, autar Gwaggo ce ta haihu, an dawo da ita gida wanka. Bayan ƙaramar Sallah aka yi bikinta, wata bakwai ke nan da 'yan kwanaki. Ko takalmi ban gama cirewa ba Gwaggo ta tare ni, "'yar nan bakwaini ne fa, Allah ne ya raya mana shi." Kafin in zauna sai da ta faɗa sau uku.

Aka miƙo min yaro, ina karɓa na ji nauyinsa a hannu, gabana ya faɗi. Katin asibiti na kan gado, kilo 3.4. Farce ya fito, kunne da ƙwarinsa, tafin ƙafa duk layi-layi, yana kama nono da ƙarfi tubarkalla. Ni kam ba za a gaya min bakwaini ba. Babban yarona a sati 30 na haife shi, kilo 1.3, fata kamar leda kana ganin jijiyoyi, ko tsotso bai iya ba sai dai in tatsa a zuba masa ta siririn tiyo a hanci, sati biyar muna kwalba, da aka sallame mu kuma wuni nake da shi ɗaure a ƙirji don kar jikinsa ya yi sanyi. Kuma duk da haka sai da dangin miji suka ƙirga min wata, ina kukan ɗana ko zai rayu su suna lissafi. Shi ya sa yau da na ga wata maƙwabciya tana lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin hijabi tana cewa "kai wannan bakwainin akwai ƙoshi", wallahi raina ya ɓaci, na ce mata baiwar Allah addu'a aka zo yi.

Da ɗaki ya yi shiru na matsa kusa da maijegon. Ban tambaye ta komai ba, ta riƙe hannuna ta ce "Yaya kin gane ko?" sai hawaye. Cikin na mijin ne, ya sani, tun kafin ɗaurin aure. Ba na cewa daidai suka yi, zunubi ne kuma ita ma ta sani, tana ta istigfari. Amma shi yana ƙofar gida maza na ba shi hannu, ana maganar ragon suna, babu mai ƙirga masa komai.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ɗaure cikin ta dinga yi da zani, ba ta je awo ba sai dab da haihuwa, a can ɗin ma ƙaryar wata ta yi wa nas don tsoron sikanin ya tona. Ƙafafunta har yanzu a kumbure, ta ce kanta na sarawa, idonta na ganin dishi-dishi. Hawan jini ke nan fa, kuma jijjiga tana kama mace ko bayan haihuwa. Gwaggo ita ta kunun kanwa da ruwan wanka take, ni ko jin kanwar nan ma hankalina ya ƙara tashi.

A islamiyya an koya mana mafi ƙarancin ciki wata 6 ne, Suratul Ahƙaf ta ce ciki da yaye wata 30, Baƙara ta ce shayarwa shekara biyu. Na faɗa wa Gwaggo a madafi, na ce yaron nan bayan wata shida da aure ya zo, uban kuma bai musa ba, ki daina rantse-rantse a gaban mutane. Ta yi shiru tana juya tukunya, can ta ce "bakin duniya nake tsoro."

Gobe da sassafe zan koma in kai ta a auna jininta ko Gwaggo ta so ko ta ƙi. Kayan jariran da na kai ƙanana na zaɓa saboda a waya an ce min bakwaini ne, ko ɗaya bai shige shi ba, sai na biya kasuwa na canjo kafin ranar suna.