Kalsiyam ɗaya, aiki biyu a saman ƙoda

Cikin darussan da muka yi a ajin likitanci a nan Maraɗi, na glandar adirenal ne ya fi zauna mini a kai. Ƴan ƙullutai ne guda biyu, kowace ƙoda da nata a samanta. Cikinsu na fitar da adirenalin, ɓawonsu kuma na fitar da kotizol da aldosteron, wanda ke sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa. Duk ukun homon ne, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini. Ko'ina ka duba a takardun darasin za ka ga an rubuta cewa kalsiyam ya shiga ƙwayar halitta, homon ya fita. Dalibi zai haddace wannan ya ci jarabawa, amma bai san komai ba tukuna.

Tushen maganar gwajin William Douglas da Ronald Rubin ne na 1961. Sun zuba wa adirenal ɗin kyanwa ruwan da babu kalsiyam a cikinsa, suka sa asetilkolin, sinadarin da jijiya ke aika saƙo da shi, adirenalin ya ƙi fitowa. Da suka mayar da kalsiyam sai ya fito. Dalili kuwa, kalsiyam ɗin wajen ƙwayar ya ninka na cikinta kusan sau 10,000, don haka ƙofar kalsiyam da ke bangon ƙwayar na buɗewa, ƙwayar za ta ji.

Abin da na koya shi ne in riƙa tambayar wane furotin ne ya karɓi kalsiyam ɗin. A tsakiyar glandar, sinaptotagmin ne. Adirenalin an riga an ƙulle shi cikin ƴan jakunkuna, kamar hajar da ɗan kasuwa ya ɗaure a sito yana jiran mota. Kalsiyam na kama sinaptotagmin, furotin ɗin SNARE za su haɗe jakar da bangon ƙwayar, kaya su zube cikin jini kafin ƙiftawar ido. Yana cikin abin da ke sa zuciyarka ta yi ta bugawa idan ka ga maciji a gabanka.

A ɓawon kuwa ba a ajiye aldosteron, sai buƙata ta taso ake haɗa shi daga kolestarol. Anjiyotensin II, homon da ke ƙaruwa idan ruwa da gishirin jiki sun ragu, ko hauhawar fotasiyam a jini su ke ɗaga kalsiyam, furotin ɗin kalmodulin ya kama kalsiyam guda huɗu, ya tada wasu inzayim, su kuma su sa a ƙara ƙera CYP11B2, inzayim ɗin da ke ƙarasa haɗa aldosteron. Wannan aikin mintuna ne har zuwa sa'o'i. Mai azumi a zafin Afrilu, wanda gumi ya kwashe masa ruwa da gishiri, da wannan hanyar ƙodarsa ke riƙe abin da ya rage.

Inda na ga amfaninsa shi ne a kan masu tansiyo. Jerome Conn ya bayyana hawan jinin da yawan aldosteron ke kawowa a 1955, sai a 2011 ƙungiyar Richard Lifton ta gano cewa a takwas daga cikin ƙari 22 na adirenal masu kawo wannan cuta da suka duba, ƙofar fotasiyam ta KCNJ5 ce ta lalace: sodiyam na kutsawa, ƙofofin kalsiyam su zauna a buɗe, aldosteron ya yi ta zuba ba a tambaye shi ba. Don haka idan matashi ya zo, an ba shi magani kala uku jini bai sauka ba, fotasiyam ɗinsa kuma ya yi ƙasa, ba faɗan cin gishiri ya kamata a tsaya yi masa ba. A auna aldosteron da renin, sinadarin ƙoda da ke sa a samar da anjiyotensin. Idan ƙari ne a gefe ɗaya ana iya cire shi, idan glandar duka biyun ne sai sifironolakton, maganin da ke tare aikin aldosteron.